BULAƘ: GIDA NA MAI TAKARDA NE KO NA MAI KWANA CIKI?



'Yan'uwa masu karatu, a wannan mako za mu duba wata mas'ala wadda ta sha raba wa da ƙane, ta kuma sha cika ɗakunan shari'a. Mutum ya mallaki gida, takardarsa tana hannunsa. Wani kuma ya zauna cikin gidan nan shekara hamsin ko sittin yana biyan haya, a nan aka haife shi, a nan ya yi aure, daga nan aka fita da gawar mahaifinsa. Sai ga ranar da ƙasar wurin ta yi tsada, aka ce ya tashi. To, wane ne mai gaskiya tsakaninsu? Shin daɗewar zama tana ba mutum wani haƙƙi, ko kuwa takarda ita ce farko ita ce ƙarshe?

Domin kada mu yi ta magana a iska, za mu ɗauki unguwa guda mu auna mas'alar a kanta, watau unguwar Bulaƙ ta birnin Alƙahira, wadda ke bakin kogin Nilu ta gabas. Duk wanda ya yi karatun Larabci mai zurfi ya san sunan nan, ko da bai taɓa taka ƙasar Masar ba, domin ya sha ganinsa a bangon tsofaffin littattafai. Kada a rikita ta da Bulaƙud Dakrur da ke tsallaken kogi ta wajen Giza, wadda masu tarihi suka danganta sunanta ga mutanen Takrur, watau mutanen Afirka ta Yamma.

YADDA UNGUWAR TA TASHI

Asalin ƙasar Bulaƙ kyautar kogi ce. Nilu ya riƙa janyewa yamma yana barin yashi da laka, har wuri ya bushe. A zamanin Sarki Nasiru Muhammadu ɗan Ƙalawun, farkon ƙarni na 14, aka fara gine-gine a wurin, kuma kafin ƙarni na 15 ya ƙare Bulaƙ ta zama babbar tashar jiragen ruwa ta Alƙahira. A nan ake sauke hatsi da katako da sukari da kayan yaji, aka gina manyan masaukan fatake masu rumbuna a ƙasa da ɗakunan kwana a sama. Masallacin Abul Ala na ƙarshen ƙarni na 15 da masallacin Sinan Basha na shekarar 1571 suna nan har yau suna ba da shaidar arzikin wancan zamani. A shekarar 1800 mutanen Bulaƙ suka yi wa sojan Faransa tawaye, aka yi musu ruwan igwa, aka ƙone unguwar, suka sake gina ta.

Sa'an nan Muhammadu Ali Basha ya kafa masana'antu a wurin, har da maɗaba'ar nan mai suna wadda ta fitar da littafinta na farko a 1822. A cikinta aka buga Lisanul Arab, aka kuma buga Sahihul Buhari, bugun nan da aka fara a shekara ta 1311 bayan Hijira bisa umurnin Sarkin Musulmi Abdulhamidu na Biyu na Daular Usmaniyya. Amma da jirgin ƙasa ya haɗa Alƙahira da Iskandariyya a 1856, sai cinikin tashar ya soma ja baya. Attajirai suka ƙaura, aka bar unguwar ga maƙera da kafintoci da leburori da masu sayar da gwanjo na kasuwar Wikalatul Balah, da baƙin ƙauye masu neman abinci.

To, ga inda wahala ta fito. Unguwar ta talauce, amma ƙasarta ba ta talauce ba. Tana tsakiyar birni, tana kallon kogi, tsibirin Zamalik na masu hali yana daura da ita. Aka shimfiɗa babban titi a bakin ruwa, aka gina gidan rediyo da talabijin a 1960, manyan otal-otal suka biyo baya. Sai ya zamana matalauta suna kwana a kan ƙasa wadda take cikin mafi tsada a Masar duka.

ZALUNCI NA FARKO

Kafin mu zo ga tashin mutane, wajibi ne mu faɗi abin da aka yi wa masu gidaje, domin mai neman adalci ba ya jin bakin mutum ɗaya ya yanke hukunci. A shekarar 1947 aka yi doka a Masar wadda ta daskarar da kuɗin haya, ta kuma hana mai gida fitar da ɗan haya don wa'adi ya cika. Bayan juyin mulkin 1952 gwamnati ta rage kuɗin hayar har sau da dama, sa'an nan dokokin 1977 da 1981 suka ƙara ɗaure al'amarin. Haya ta zama abin gado: uba ya mutu, ɗa ya ci gaba da zama a kan tsohon kuɗi. Shekaru suka shuɗe, darajar fam ɗin Masar ta yi ta faɗuwa, har aka kai mutum yana da bene sukutum a tsakiyar birni, amma abin da yake karɓa a wata ga kowane sashe bai isa ya sayi kaza ba.

Niyyar masu dokar mai kyau ce, don sun so su kare talaka ne daga tsadar muhalli. Amma mu duba abin da ta haifar. Mai gida ya daina gyara, domin kuɗin hayar shekara bai isa sayen buhun siminti kaɗan ba. Ɗan haya ya ƙi gyara, domin gidan ba nasa ba ne. Wani mai gidan ma har addu'a yake yi ginin ya rushe don ƙasarsa ta dawo hannunsa. Wani ɗan hayar kuma ya yi arziki ya gina nasa a wani wuri, amma ya kulle tsohon ya riƙe mabuɗi, tun da riƙewar ba ta ci masa kome. Girgizar ƙasa ta watan Oktoba 1992 ta sami gidajen tsofaffin unguwanni irin su Bulaƙ a wannan hali, ta kuwa yi musu ɓarna.

Me shari'a ta ce game da wannan? Malaman fiƙihu sun raba mallakar abu kansa da mallakar amfaninsa. Haya ciniki ce ta amfani, kuma ba ta inganta sai da kuɗi sananne da wa'adi sananne, da yardar ɓangarorin biyu. A wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya mutuwar ɗayansu ba ta warware haya, magada sai su cika sauran wa'adin, amma wa'adin ne kawai suke gada. Hayar da ba ta da ƙarshe, wadda mai gida ba ya iya fita daga cikinta har abada, ta tashi daga haya ta koma ƙwace da aka yi wa riga.

Mai karatu yana iya cewa, to, ina hukuncin hauzi? Ai a cikin Risala ta Ibnu Abi Zaid mun karanta cewa wanda ya riƙe gida shekara goma, mai da'awa yana nan yana gani, bai yi magana ba kuma babu abin da ya hana shi, to, ba a sauraron ƙararsa bayan haka. Gaskiya ne, amma hauzi bai shafi ɗan haya ba, domin shi da bakinsa ya yarda gidan na wani ne tun ranar da ya shiga, kuma kowane wata da ya miƙa kuɗi ya sake yin wannan iƙirari. Kome daɗewar icce a ruwa ba ya zama kada.

Wani kuma ya ce, ashe hukuma ba ta da ikon ƙayyade farashi? An ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, bai yi ba, don gudun kada ya zalunci wani a dukiyarsa. Duk da haka waɗansu malamai sun halatta ƙayyadewa idan masu kaya suka haɗa kai suka ƙuntata wa jama'a. Ibnul Ƙayyim ya kai har ga cewa idan mutane suka matsu ga zama a gidan wani, ba su da wani wurin, wajibi ne ya zaunar da su, kuma idan zai karɓi lada kada ya wuce ladan da aka saba biya ga irin gidan. To, a lura da ma'aunin: ladan da aka saba biya. Ƙayyadewar da malamai suka yarda da ita ita ce wadda ta tsaya a kan adalcin farashin yau. Ba su ce a ɗaure mutum a kan farashin zamanin kakansa ba.

Bilhasali, samar wa matalauci wurin kwana nauyi ne a kan jama'a duka. Ibnu Hazmi ya bayyana cewa idan zakka da baitulmali suka gaza, wajibi ne mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansu, shugaba ya tilasta musu, a abinci da sutura da muhallin da zai kare su daga ruwa da rana da idon masu wucewa. Mawadata duka ya ce. Abin da aka yi a Masar kuwa shi ne an sauke wannan kaya daga kan jama'a an ɗora wa mutum ɗaya, wanda laifinsa kawai shi ne ya sa dukiyarsa a gini. Cikin masu gidajen nan akwai gwauraye da marayu waɗanda ba su da wani abin dogara. Hukuma ta yi sadaka da dukiyar da ba tata ba, ta karɓi godiya.

ZALUNCI NA BIYU

Yanzu mu juya ga ɗaya ɓangaren. A shekarar 1979, zamanin Shugaba Anwar Sadat, aka soma tashin mutane daga wani yanki na Bulaƙ da ake kira Ishashut Turguman. Tsakanin wannan shekara da 1981 an kwashe iyalai wajen 5,000 daga tsakiyar birni zuwa gidajen gwamnati a Zawiyatul Hamra da Ainu Shamsi. An ce za a gina otal-otal da ofisoshi na zamani a wurin. Ba a gina ba. Filin ya daɗe yana wurin ajiye motoci, daga baya aka yi tashar mota.

Sa'an nan aka zo kan yankin Masbero, fili mai kusurwa uku a bayan gidan talabijin, wanda ya fi eka 70. Shekara da shekaru kamfanoni, har da na Kuwaiti da na Saudiyya, suna sayen filaye a cikinsa daga hannun magada, alhali 'yan haya suna ciki. Mazauna sun daɗe suna kukan cewa ana hana su izinin gyara gidajensu, har gidajen suka riƙa faɗowa a kan mutane, sa'an nan aka ce wurin yana da haɗari, dole a rushe. A 2018 aka rushe shi. Iyalai wajen 4,500 abin ya shafa, aka ba su zaɓi uku: su karɓi diyyar kuɗi gwargwadon yawan ɗakunansu, ko su koma gidajen gwamnati na Asmarat can wajen dutsen Muƙaɗɗam, ko su jira a gina sababbin benaye a wurin su dawo su riƙa biya a hankali cikin shekaru masu yawa. Mafi yawansu kuɗi suka karɓa. Wajen iyali 900 ne suka zaɓi dawowa.

Adalci ne mu ce wannan ya fi abin da aka yi a 1979, domin an ba da zaɓi, an kuma gina benayen da aka yi alkawari. Amma mu tambayi kanmu, me aka biya, me aka bari ba a biya ba? An ƙirga ɗakuna. Ba a ƙirga cewa mai gyaran takalmi yana da masu kawo masa aiki a lungun nan shekara talatin ba. Ba a ƙirga cewa matar da ke aikin shara a ofisoshin tsakiyar birni da ƙafa take zuwa, yanzu kuwa sai ta hau mota biyu ba. Ba a ƙirga mai kantin da ke ba tsohuwa bashi har ƙarshen wata don ya san 'ya'yanta ba, ko maƙwabciyar da ake bar wa yara, ko jama'ar masallacin da za su ɗauki gawar mutum ba tare da an roƙe su ba. Waɗannan duka dukiya ce, kuma ita ce dukiyar matalauci, ita ke tsaya masa a matsayin banki da asibiti da inshora. Ba ta shiga mota a ƙaura da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi kuma ya san abin da ke riƙe da shi.

Daɗin daɗawa, kuɗin da aka karɓa ba su tsaya ba. An karya darajar fam a watan Nuwamba 2016, aka sake karya ta a 2022 da 2023, kuma a watan Maris 2024 dala ɗaya ta kai wajen fam 50. Wanda ya karɓi diyya bai yi sauri ya sami wani gida ba, ya ga kuɗinsa sun narke a hannunsa, ita kuwa ƙasar da ya tashi daga kanta kullum sai ƙara tsada take yi.

Mun riga mun ce zama ba ya mai da mutum mai gida. To, shin wannan yana nufin mazauni ba shi da kome? A nan ne malaman Alƙahira kansu suka riga mu. Tun ƙarni na 16 aka saba a kasuwannin birnin cewa idan kantin waƙafi ya lalace, babu kuɗin gyara, sai wani ya ba da kuɗi a gyara, ya shiga yana biyan haya, ya kuma sami wani rabo tabbatacce a cikin amfanin wurin. Ana kiran wannan hulu. Aka tambayi Shaihu Nasiruddin Laƙani, babban malamin Malikiyya wanda ya rasu a 958 bayan Hijira, ya ba da fatawa cewa haƙƙi ne abin lura, ana sayar da shi, ana gadonsa, ba a fitar da mai shi hannu banza. Waɗansu malamai sun yi masa musu, amma aiki ya gudana a kan fatawarsa a Masar da ƙasashen Magrib. Hikimar da ke ciki ita ce, wanda ya raya wuri da dukiyarsa da guminsa ya sami wani abu a cikinsa, ko da asalin wurin na wani ne. Mutanen Bulaƙ da suka toshe rufi da kuɗinsu, suka jawo ruwa da lantarki, suka riƙe unguwa da rai lokacin da kowa ya guje ta, ba a ce musu baƙin da suka kwana ɗaya ba.

Kuma shari'a ba ta san mallakar da ba ta da linzami ba. Abu Dawuda ya ruwaito labarin Samuratu ɗan Jundubi, wanda yake da dabino a cikin gonar wani mutumin Madina, yana shiga yana damun iyalin mutumin. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi ya sayar, ya ƙi, ya nemi ya yi musaya, ya ƙi, ya nemi ya bayar kyauta da alkawarin lada, ya ƙi. Sai ya hukunta cewa shi mai cutarwa ne, ya ba da umurni a cire dabinon. Babu wanda ya yi musun dabinon nasa ne. Abin da aka hana shi shi ne ya mai da mallakarsa makamin cuta. To, wanda ya sayi gida da mutane a ciki, ya zauna yana jira rufi ya faɗo musu don ƙasa ta kuɓuta, me za a kira shi?

MASLAHAR JAMA'A, WACE JAMA'A?

Saura hujjar hukuma, wadda kullum take cewa maslahar jama'a ce ta sa. Shari'a ta yarda da wannan hujja, amma ta yi mata shinge. A shekara ta 17 bayan Hijira Sayyidina Umaru ya faɗaɗa masallacin Ka'aba, ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuwa aka rushe nasu aka ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. A Madina kuma ya nemi gidan Abbas, baffan Annabi, don faɗaɗa masallaci. Ya ba shi zaɓi, ko ya sayar, ko a gina masa wani a inda yake so, ko ya yi sadaka da shi. Abbas ya ƙi duka. Sarkin Musulmi bai aika a rushe ba, sai suka kai magana gaban Ubayyu ɗan Ka'abu, hukunci ya ba Abbas gaskiya, sa'an nan shi da kansa ya bayar da gidan don Allah. Labaran nan biyu tare ake karanta su: akwai ikon karɓa idan larura ta tabbata, akwai kuma alƙalin da shugaba yake zuwa gabansa kamar kowa.

Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1988, ta tattara sharuɗɗan wannan al'amari. Dole diyya ta zama ta adalci, a biya nan take, masana su ƙiyasta ta, kada ta gaza farashin irin wurin. Dole shugaba ko wakilinsa ne zai karɓa. Dole ya zama don bukatar jama'a ta gaske, kamar masallaci ko hanya ko gada. Kuma kada a karɓi wuri a juya shi zuwa neman riba, na hukuma ko na wani mutum, kada kuma a yi gaggawar karɓa tun lokacin bukata bai zo ba. Wanda ya auna filin Turguman da wannan ma'auni ya san amsar da zai samu.

Sharuɗɗan nan don kare mai mallaka aka tsara su, amma hankali yana hukunta cewa mazauni ya fi shi bukatar kariya, domin mai mallaka dukiya ya rasa, shi kuwa mazauni wurin kwana ya rasa. Idan bakin kogi ya zama ba ya halatta ga kowa sai mai kuɗi, idan gyaran unguwa yana nufin a canja mutanenta, to, sai mu tambaya, wace jama'a ce aka yi wa maslahar? Ceton mutane daga gidan da zai rushe wajibi ne, babu mai musu. Amma ceto na gaskiya shi ne wanda mutum ya fita daga cikinsa ya fi yadda ya shiga.

INDA MAGANA TA TSAYA

A 1996 Masar ta saki sababbin yarjejeniyoyin haya daga tsohuwar doka. A 2002 Kotun Tsarin Mulki ta taƙaita gadon haya ga zuriya ɗaya. A watan Nuwamba 2024 kotun ta yanke cewa daskarar da kuɗin haya ya saɓa wa tsarin mulki, kuma a watan Agusta 2025 aka sa hannu a kan doka ta 164, wadda ta ninka kuɗin hayar, ta kuma ba gidajen kwana wa'adin shekara 7, shaguna da makamantansu shekara 5, bayan haka tsohuwar haya ta ƙare. Dokar ta ɗora wa hukuma ta samar wa waɗanda abin ya shafa wani muhalli. Ƙidayar 2017 ta nuna iyalai wajen miliyan 1.6 ne ke zaune a kan tsohuwar haya, da yawansu kuwa tsofaffi ne masu ɗan fansho.

Mayar wa mai gida haƙƙinsa daidai ne, ya ma yi jinkiri. Amma ba a wanke najasa da najasa. Tsohuwar da ta shiga gida tana amarya bisa dokar ƙasarta ba ita ta rubuta dokar ba, kuma ba ta yi tanadin wani wuri ba domin hukuma ce ta ce mata ba ta bukata. Wanda ya ɗaura ƙulli shi ya kamata ya kwance shi da kuɗinsa. Idan hukuma ta cika alkawarin muhalli, a kusa da inda mutane ke neman abinci, kafin wa'adi ya cika, to, ta biya bashin da ke kanta ga ɓangarorin biyu. Idan kuwa ta saki hannu, ta bar mai gida da ɗan haya su yi ta kokawa a ƙofar kotu, to, ta zalunci na farko shekara saba'in, ta kuma rufe da zaluntar na biyu.

Amsar tambayarmu ke nan. Gida na mai takarda ne, kuma zama kome tsawonsa ba ya canja wannan. Amma zama yana haifar da haƙƙi: haƙƙin a sanar da mutum da wuri, a ba shi lokacin da zai isa, a biya shi abin da ya kashe ya raya wurin, kada a cuce shi da dabara, kuma kada jama'a su bar shi a titi. Haƙƙin farko yana kan ɗan haya ya kiyaye, na biyu yana kan mai gida da hukuma da mawadatan gari.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Masar ne. Duk garin da ya bunƙasa yana da tsohuwar unguwar da ƙasarta ta fi mutanenta tsada a idon masu kuɗi, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta sai ka shafa wa naka ruwa. Ya kai mai gida, ka rubuta yarjejeniya da wa'adi da shaidu, ka gyara abin da ya lalace, kada ka ninka haya a tsakiyar damina don ka ga mutum ba shi da mafita. Ya kai ɗan haya, ka biya a kan lokaci, ka riƙe gidan mutane da amana, kada ka mai da kunyar mai gida ko jinkirin kotu hanyar cin dukiyarsa. Ya ku masu iko, ku tuna Umaru ya tsaya gaban Ubayyu saboda gida ɗaya.

Dukanmu masu wucewa ne a bayan ƙasa, mai takarda da mai haya, kuma za a tambayi kowa yadda ya shiga da yadda ya fita. Allah ya ba mu muhalli na halal, ya kare mu daga cin haƙƙin maƙwabci, ya sa mu gama lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.